Filin Tambaya da Amsa: Na Yi Ta Addu'a Amma Shiru, Yaya Zan Gane Hanyar da Allah Yake So In Bi?

Salama gare ku masu karatu. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan kowa akan abu ɗaya yake tambaya, wato yadda mutum zai gane bishewar Allah a harkar yau da kullum. Na zaɓi guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, wasu kuma na rage musu tsawo don filin ba shi da yawa. Kun dai san ni ba fasto bace, mace ce kawai da ta daɗe tana bin Yesu tana tuntuɓe tana tashi, to abun da na gani a Littafi Mai Tsarki da abun da na gani da idona shi zan faɗa.

TAMBAYA: Mama sannu da aiki. Shekarata 29, ina aiki a wani ofis shekara 4 kenan, albashin ba yabo ba fallasa amma dai yana zuwa. Yanzu na yi intabiyu a wani wuri sun ɗauke ni, kuɗin ya fi, amma kwantiragi ne na shekara 2 kuma sai na yi nisa da mahaifiyata da ba ta cika lafiya ba. Wata 2 kenan ina addu'a har da azumi amma shiru kake ji. Ƙawayena kullum sai su ce "Allah ya ce min kaza", ni kuwa ban taɓa jin komai ba. Ko wani zunubi ne ya toshe min kunne? Sun bani zuwa ƙarshen wata.

AMSA: Sannu 'yata. Bari in fara da maganar zunubin don naga ita ce ta fi cin ranki. In akwai wani abu da kika sani, wanda da kina karanta wannan layin ya faɗo miki a rai, toh ki tuba ki gyara, ba sai an yi dogon bincike ba. In kuwa kin duba ba ki ga komai ba, ki daina tona zuciyarki kamar mai neman allura a rairayi. Uba na gari ba ya ɓoye wa ɗansa laifinsa sannan ya daina yi masa magana ya barshi yana ta cinke.

Ni ma na taɓa zama inda kike. Lokacin ina da ƙuruciya an bani zaɓi tsakanin komawa makaranta in ƙara kwas ko in ci gaba da aikin da nake yi, na ce ni kam ba zan motsa ba sai na ji murya. Na yi azumi kwana 3, a rana ta ukun na rufe ido na buɗe Baibul na dangwala yatsa, ina buɗe ido sai na ganni a cikin Tarihi na Ɗaya, can wajen surori 9 na farko da kusan babu komai sai wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Na sake gwadawa sai na faɗa kan awon alfarwa. Ina nan ina jiran murya har ranar rufe fom ta wuce, shikenan zaɓin ya zaɓi kansa, kuma har na ɗan yi shekaru ina cewa ai Allah ne ya rufe ƙofar alhali tsoro ne ya hana ni cike takarda. Wannan ban cika son faɗinsa ba amma gara ki ji.

Abun da ya warware min kai daga baya littafin Rut ne. Sura 4 ne kawai, aya 85, zama ɗaya za ki gama shi. Ki karanta ki nemo min inda Allah ya yi wa Rut magana. Babu. Ba mafarki, ba mala'ika, ba annabi. Gwauruwa ce baƙuwa daga Mowab, ga surukarta Na'omi ba su da abun kaiwa baki, sai ta ce bari in je kala a gona, kuma 2:3 ta ce sai kawai ta tsinci kanta a gonar Bo'aza, kamar dai dace. Wannan dacen ne ya kai ga haihuwar Obida, kakan Dawuda, kuma sunanta na nan a jerin kakannin Yesu a Matiyu sura 1. Da a ce ta zauna a ɗaki tana jiran a faɗa mata gonar da za ta shiga fa? Ita dai ta san abu biyu, akwai tsohuwa da ke buƙatar ta, kuma shari'a ta yarda matalauci da baƙo su yi kala. Da wannan ta fita. Littafin Esta ma haka, sura 10 ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Allah ba, amma ba wanda zai karanta ya ce ba hannunsa a ciki.

Mu matsalarmu so muke a shimfiɗa mana hanyar gaba ɗaya tun daga nan har shekara 2 ɗin su ƙare, mu ga ko za a sabunta kwantiragin, mu ga ko jikin mama zai riƙe. Amma Zabura 119:105 fitila ta kira maganar Allah, fitila ga ƙafa, kuma fitilar mutanen zamanin 'yar ƙarama ce ta yumɓu da ake zuba mata mai, tafin hannu take cikawa, haskenta iyakarsa taku ɗaya ko biyu, sai kin taka sannan gaba ta bayyana. Ki duba Littafin Ƙidaya 9 daga aya 15 zuwa ƙarshe ki ga yadda Isra'ilawa suka yi da girgijen nan da Allah yake bishe su da shi a jeji. Wani lokaci daga yamma zuwa safe kawai zai tsaya ya tashi, wani lokaci kwana 2, wani lokaci wata guda ko fiye, kuma ba a sanar da su tun da wuri. Ni kullum in na karanta wurin matan nake tunawa, mace ta gama kafa tanti ta jera kayanta ta kwantar da yara, da asuba a ce girgije ya ɗaga a naɗe. Wani wurin kuma ta ƙi kwance kaya tana cewa ai gobe za mu tashi, sai a share wata da watanni. Manna, abincin da Allah yake saukar musu, ita ma haka, ta yini ɗaya ake tara wa, wanda ya yi wayo ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi wari, in ba ranar shida ba da ake ɗiban na kwana 2 saboda Asabar. Shekara 40 ana wannan makarantar.

Toh yanzu ga abun da zan ce ki yi. Duk ayyukan nan biyu babu na zunubi a ciki, don haka ba jarrabawa bace da Allah ya ɓoye amsa a aljihu yana jira ki faɗi. Yakubu 1:5 hikima ya ce mu roƙa, kuma hikima aiki ake yi da ita. Ki zauna da mama ki tambaye ta kai tsaye, kar ki yanke mata hukunci a zuciyarki, sau da yawa iyaye sun fi mu ƙarfin hali. Ki tambayi likitanta yadda ciwon yake tafiya. Ki kira 'yan'uwanki ku yi magana ta gaskiya akan wa zai riƙa kaita asibiti, ba irin "kar ki damu za mu duba" ɗin nan ba, a faɗi suna da rana. Ki karanta takardar kwantiragin layi layi, ki ga me ta ce akan hutu da barin aiki. Ki sami mutum biyu da suka girme ki a bangaskiya waɗanda ba su da wata riba a zaɓinki, Karin Magana 15:22 ta ce shiri kan rushe in ba shawara, mu ma ai mun ce matambayi ba ya ɓata. Sannan ki tambayi kanki tambayar da wata dattijuwa ta taɓa yi min, wai in aka cire tsoro aka cire son a gan ki, wanne ya rage? In kin gama duk wannan ki durƙusa ki ce Uba ga wanda na ɗauka, in ba daidai bane ka tare ni, ki tashi ki tura musu amsa kafin wa'adin.

Su kuma ƙawayen naki ban ce ƙarya suke ba, Allah yana magana yadda ya ga dama. Amma da yawa cikin "Allah ya ce min" ɗin da muke ji, in aka bi diddigi ma'anarsa na yi addu'a na yi tunani hankalina ya kwanta akan kaza. Manzanni da kansu a Ayyukan Manzanni 15:28 cewa suka yi Ruhu Mai Tsarki ya ga ya kyautu, mu ma mun ga ya kyautu, kuma sai da aka sha muhawara mai zafi kafin a kai nan.

TAMBAYA: Anti akwai wani ɗan'uwa a cocinmu, ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, kowa na ganin girmansa. Ya same ni ya ce Allah ya nuna masa a mafarki har sau 3 ni ce matarsa, kuma in na ƙi to na ƙi nufin Allah. Ni gaskiya ko kaɗan bai kwanta min ba. Sai na ce wa Allah in shi ne to ya kira ni kafin ƙarfe 9 na dare, ai kuwa 8 da rabi sai ga kiransa. Tun ranar bana iya barci.

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Mutumin da ke neman aurenki ya kira ki da daddare, wannan ai ba alama bace, ko ba ki yi addu'a ba zai kira. Da cewa kika yi in shi ne rana ta fito daga yamma da sai mu zauna mu yi magana.

Nasan daga wajen Gidiyon muka koyo wannan, shi da ulunsa da ya shimfiɗa yana neman alama daga Allah a Mahukunta 6:36-40. Amma ki karanta surar daga farko. Kafin ya shimfiɗa ulun nan Allah ya riga ya faɗa masa abun da zai yi ɓaro ɓaro, har wuta ta fito daga dutse ta cinye hadayarsa yana kallo. Ulun ba neman sani bane, tsoro ne, shi da kansa da zai sake gwaji na biyu sai da ya ce kada ka yi fushi da ni. Allah ya yi masa haƙuri kamar yadda yake mana, amma ba a rubuta labarin don ya zama mana tsarin zaɓen miji ba. Kuma ko shi abun da ya roƙa abu ne da ba ya faruwa haka kawai, ulu a bushe ƙasa duk raɓa.

Sai maganar mafarkinsa. Wani abu da na lura da shi a Littafi Mai Tsarki shine in Allah zai haɗa mutum biyu akan babban al'amari yakan taɓa kowane ɓangare. Mala'ika ya je wa Maryamu a Luka 1, ya kuma je wa Yusufu a Matiyu 1, ba a bar ɗaya ya je ya tilasta wa ɗaya da "an nuna min" ba. Karniliyus ya ga wahayi, Bitrus ma ya ga nasa, Ayyukan Manzanni 10. Hananiya da Shawulu haka a sura 9. Wanda ya fi burge ni shine na Rifkatu a Farawa 24. Bawan Ibrahim da aka aika nemo wa Ishaku mata ya yi addu'a a bakin rijiya, alamar da ya roƙa ta cika tun bai rufe baki ba, 'yan gidan su Rifkatu suka ce wannan daga Ubangiji ne, amma duk da haka da aka zo maganar tafiya sai suka ce a kira yarinyar a ji daga bakinta, aya 57 da 58. Sai da ta ce zan tafi. In har a wancan zamanin an tambayi Rifkatu, waye zai ce ke ba ki da baki?

Kuma ki lura da kalmar da ya yi amfani da ita, wai in kin ƙi kin ƙi nufin Allah. Wannan ba neman aure bane, ɗaure mutum ne da igiyar da ba zai iya kwancewa ba. Mai yi miki haka tun ana waje, in an shiga gida duk gardamar da ta taso da "Allah ya ce min" zai kashe ta, kuɗi ne, zuwa ganin iyayenki ne, komai. Mai yiwuwa ba mugu bane, mai yiwuwa son ki yake har ya kai ga mafarki, ai abun da mutum ya kwana da shi a rai shi yake gani, amma wannan nasa ne ya je ya yi ta fama. Bulus ya ce kada a raina annabci amma a gwada komai, 1 Tasalonikawa 5:20-21, kuma da yake magana akan gwauruwar da za ta sake aure a 1 Korintiyawa 7:39 cewa ya yi ta auri wanda take so, in dai cikin Ubangiji ne. Wanda take so fa.

Ki faɗa masa cikin ladabi cewa kin yi addu'a kuma amsarki a'a ce, kar ki ce "bari in ƙara addu'a" in kin san ba haka bane a ranki, wannan jan rai ne. In ya ci gaba da matsa miki ki sanar da fasto ko wata babbar mace da kike yarda da ita a ikilisiya, kar ki riƙe shi ke kaɗai.

TAMBAYA: Mama ni dai nakan yi addu'a akan ƙananan abubuwa, makulli ya ɓata, ko zan fita in ce Allah ka sa in sami mota da wuri. Mijina na min dariya wai ina damun Allah da shirme. Laifi ne?

AMSA: Ba laifi 'yata, ki ce masa ya buɗe 2 Sarakuna 6, inda wani ke saran itace a bakin Urdun kan gatarin ya fice ya faɗa ruwa, ya kwala ihu don aro ya yi, kuma Elisha bai ce masa shirme ba, sai da ƙarfen ya taso. Nehemiya ma, mai shayar da sarki, yana gaban sarkin aka jefo masa tambaya, tsakanin tambayar da amsar ya yi 'yar addu'arsa a zuci, 2:4. Iyaka dai kar ya zama ba ki iya zaɓen rigar da za ki sa sai kin ji "salama", na san wata da ta kai wannan matakin kuma wahala ta sha ba kaɗan ba. Zabura 32:9 ta ce kada mu zama kamar doki ko alfadari da sai da linzami. Makullin kuma ki samo masa ƙusa ɗaya a bango.

TAMBAYA: Mama ina rubuto miki da hawaye. Shekara 3 da suka wuce na bar aikina na buɗe sana'a da wata 'yar'uwa a cikin Ubangiji. Na yi addu'a sosai, na sami salama, ƙofofi suka yi ta buɗewa, har shaida na bayar a gaban jama'a. Yau sana'ar ta rushe, ga bashi, ni da ita ko gaisuwa bama yi. Shin ba Allah ne ya bishe ni ba tun farko? In kuma shi ne me ya sa ya kai ni ya baro? Yanzu ko addu'a tsoron yi nake.

AMSA: Wayyo 'yar'uwa, sannu. Na karanta wasiƙarki ya fi sau uku. Ba zan ce miki ga dalilin da ya sa abun ya faru ba, abokan Ayuba da suka yi ta kawo dalilai ai ƙarshenta Allah ya tsawata musu, sun fi kyau a kwana 7 ɗin farko da suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan.

Amma akwai abu biyu da nake so ki riƙe tare duk da kamar suna karo da juna. Na farko, salama da buɗaɗɗiyar ƙofa su kaɗai ba hujja bane. Yunusa da zai gudu ya gangara Yafa ya tarar da jirgin Tarshish na jiransa, ga kuɗin jirgi a hannu, ya shiga ya yi barci mai nauyi har hadari bai tashe shi ba. Ga ƙofa ga salama, ga shi kuma gudun Allah yake. Dawuda kuma a kogo, 1 Sama'ila 24, Sarki Saul ya fito nemansa da mutum 3,000 sai gashi ya shigo kogon shi kaɗai, mutanen Dawuda suka ce yau ce ranar da Ubangiji ya faɗa, amma ya ƙi, ko shafin rigar da ya yanka sai da zuciyarsa ta dame shi. Don haka ba laifi bane ki zauna ki duba da idon basira, an rubuta yarjejeniya ko an ce ai mu 'yan'uwa ne ba sai da takarda ba? Wa ke riƙe da lissafi? Akwai wanda ya ja miki kunne kika ce ba shi da bangaskiya? Ba don ki doki kanki ba, don kar a maimaita.

Na biyun kuma shine rushewar abu ba ta nuna cewa ba Allah ne ya kai ki ba. Ki bi Bulus a Ayyukan Manzanni 16. Ya so shiga Asiya Ruhu ya hana, ya nufi Bitiniya aka sake hanawa, ya gangara Taruwasa, can ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙo a zo a taimake su. Bishewa ba ta wuce wannan fitowa fili ba. Suka haye suka isa Filibi, mutumin wahayi dai ba a ce sun gan shi ba, mata suka tarar a bakin kogi suna addu'a, cikinsu da Lidiya mai sayar da jan tufafi. Ba a jima ba aka tuɓe Bulus da abokin tafiyarsa Sila a bainar jama'a aka yi musu dukan tsiya aka jefa su can ƙuryar kurkuku aka sa ƙafafunsu a turu. Ki ɗauka ke ce Sila a daren nan bayanki duk jini, ba za ki juya ki ce malam anya wahayin nan ka gan shi da kyau ba? Amma daga wannan daren ne mai gadin kurkukun da iyalinsa suka sami baftisma, kuma wasiƙar da Bulus ya rubuta wa wannan ikilisiyar daga baya ita ce wadda ta fi kowace maganar farin ciki.

Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku, kuma maganar nan tasa ta Farawa 50:20 cewa kun nufe ni da mugunta Allah ya nufe shi da alheri, a ƙarshen labari ya faɗe ta, ba a cikin rijiya ba. Ke yanzu a tsakiya kike, kar kowa ya tilasta miki ki ba da shaidar ƙarshe tun yanzu. Kuma ko da a ce kuskure kika yi ɗungurungum, Saratu ma ta gaji da jira bayan shekara 10 a Kan'ana ta kawo shawarar Ibrahim ya ɗauki baiwarta Hajaratu, gidan ya sha rikici, amma alkawarin haihuwar da Allah ya yi bai mutu ba, Ishaku ya zo Ibrahim na da shekara 100.

Game da 'yar'uwar nan, Bulus da Barnaba ma sun yi saɓani mai tsanani akan Markus har suka rabu, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin ne ke cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Ba sai kun koma sana'a tare ba. Ku sami mutum na uku mai gaskiya da ya iya lissafi, a baje takardu a san bashin nan nawa ne na wa, ki je wajen masu bin ki ki faɗa musu abun da za ki iya biya duk wata ko kaɗan ne, ɓuya ce ke ƙara wa bashi nauyi. Addu'a kuma in ta ƙi fitowa ki buɗe Zabura 13 ki karanta da ƙarfi, aya 6 ce kawai, kuma sau 4 Dawuda ya tambayi Allah har yaushe.

TAMBAYA: Mama ni namiji ne amma ina bin filinki. Matata na da hawan jini, shekara 5 tana shan magani. An yi mata addu'a a wani taro aka ce ta warke, wai in ta ci gaba da shan ƙwayoyin to ba ta gaskata ba. Sati 2 kenan ta daina, ta ce ai ba ta jin komai. In na yi magana sai ta ce ina ja da Ruhu.

AMSA: Ɗana wannan ba ta jira, shi ya sa na amsa maka ta waya tun ranar da ta iso, ina sa ta a nan ne saboda wasu. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, mutum na jin garau jinin na sama, kuma barin magani haka kawai na iya kawo shanyewar ɓarin jiki ko ya taɓa zuciya da ƙoda. "Bana jin komai" ba gwaji bane.

Kar ka yi mata gardama akan ko Allah na warkarwa, yana warkarwa, ni ma na gaskata. Ka nuna mata Luka 17, kutare 10 da Yesu ya ce su je su nuna kansu ga firistoci, domin a shari'ar Musa firist ne mai duba fata ya tabbatar, Littafin Firistoci sura 13 da 14. Yesu bai ji tsoron a duba aikinsa ba. Sarki Hezekiya Allah ya ƙara masa shekara 15, amma a wannan labarin dai Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora akan marurun, 2 Sarakuna 20:7. Luka ɗin da ya rubuta labarin kutaren ma likita ne, haka Bulus ya kira shi a Kolosiyawa 4:14.

Ka ce mata ku je tare a auna, in ta warke na'urar za ta nuna kuma likita ne da kansa zai rage maganin ko ya tsayar, sai shaidar tata ta fi ƙarfi don ga takarda. Ku tafi da katinta da kwalin maganin, ku faɗa wa likitan gaskiyar ranar da ta daina sha. In kuma kafin nan ta yi kukan matsanancin ciwon kai, ko ganinta ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, kar ka tsaya kiran kowa, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne. Ka rubuto min yadda kuka yi.